Sharhi: Ƙwallon gora a Pakistan, an bar jaki ana dukan taiki

Ranar 30 ga watan Satumban 2023, a birnin Hangzhou na ƙasar Sin, Indiya ta lallasa Pakistan da ci 10 da 2 a wasan ƙwallon gora, wanda aka fi sani da hoki, a gasar wasannin ƙasashen Asiya. Tun da ƙasashen biyu suka fara karawa a wannan wasa ba a taɓa ganin tazara mai girman haka ba. Nan take magoya baya suka yanke hukunci: yaran ba su da kishi, ba su da zuciya, sun zubar da mutuncin koriyar riga, a sallame su baki ɗaya. Wasu tsofaffin ƴan wasa ma sun bi sahu, suna tuna wa jama'a cewa a zamaninsu haka ba ta taɓa faruwa ba.

Fushin abin fahimta ne. Sai dai ra'ayin wannan jarida shi ne an sauke shi a kan wanda bai kamata ba. Duk wanda ya bi labarin ƙwallon gorar Pakistan daga farko zai ga cewa ɗan wasan da ake zagi shi ne na ƙarshe a jerin masu laifi, kuma shi ne ya fi kowa ɗanɗana kuɗar lalacewar. Mun ɗauko labarin ne domin ɗabi'ar da ke cikinsa ba ta Pakistan kaɗai ba ce.

Kafin a zargi magoya bayan, ya kamata a san abin da suka rasa. Ƙwallon gora shi ne wasan ƙasa a Pakistan. A gasar Olamfik ta birnin Rum a 1960, Pakistan ta doke Indiya da ci 1 da nema, ta kawo ƙarshen zinare shida da Indiya ta jera tun daga 1928. Ta sake ɗaukar zinare a Meziko a 1968 da Los Angeles a 1984. Ita kanta gasar kofin duniya ta ƙwallon gora, shugaban hukumar wasan na Pakistan, Air Marshal Nur Khan, na cikin waɗanda suka kawo shawarar kafa ta, kuma Pakistan ce ta ba da kofin. Ta ɗauke shi sau huɗu, a 1971 da 1978 da 1982 da 1994, adadin da har zuwa gasar 2023 babu ƙasar da ta kai shi. Filin wasan gora na Lahore na ɗaukar mutum kusan 45,000. Sunaye irin su Samiullah da Hassan Sardar da Shahbaz Ahmed da Sohail Abbas, yaro da babba ya san su.

Daga wannan tudu ne aka gangaro. Lambar Olamfik ta ƙarshe da ƙungiyar ta samu ita ce tagulla a Barcelona a 1992. Ta kasa samun gurbi a kofin duniya na 2014, karon farko a tarihi. Ta kasa zuwa Olamfik ta Rio a 2016, haka ta Tokyo, haka ta Paris a 2024. Kofin duniya na 2023 ma ba da ita aka yi ba. Wanda ya tashi yana jin mahaifinsa na ba da labarin 1984, dole ransa ya ɓaci. Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma abin tambaya shi ne me ya sauya tsakanin wancan zamani da wannan.

Abu na farko da ya sauya shi ne filin. Har zuwa tsakiyar shekarun 1970 a kan ciyawa ake buga wasan, inda ƙwallo ke tsalle yana karkacewa, kuma wanda ya fi iya murza sanda da yanka shi ke da rinjaye. A nan Indiya da Pakistan suka fi kowa. A Olamfik ta Montreal a 1976 aka fara amfani da shimfiɗar roba, wadda ake jiƙa wa ruwa kafin wasa. A kanta ƙwallo na gudu sumul kuma da sauri, saboda haka ƙarfin jiki da numfashi da tsarin ƙungiya suka shiga gaba. Lokacin da aka buga kofin duniya a kan irin wannan shimfiɗa a Landan a 1986, Pakistan ta ƙare ta 11, Indiya ta 12, cikin ƙasashe 12. Dokoki ma sun bi wannan hanya: a shekarun 1990 aka ba da damar sauya ƴan wasa ba iyaka ana cikin wasa, aka kuma soke dokar satar gida.

Shimfiɗar roba tana da tsada, tana shan ruwa, kuma tana tsufa sai an sauya ta. A Holan da Jamus da Beljiyam, yaro ɗan shekara shida na fara riƙe sanda a kanta a kulob ɗin unguwarsu. A Pakistan, yara da yawa kan fara ne a kan turɓaya ko ciyawa, sai sun tasa sannan su taka roba su sake koyon wasan. Wannan giɓi na shekaru ba a cike shi da zagi, ba a kuma cike shi da sansanin horo na mako uku kafin gasa. Bahaushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Amma kada a ɗora wa roba laifin duka, domin a kanta Pakistan ta ci zinaren 1984 da kofin 1994. Abin da ya fi karya wasan shi ne rushewar hanyar da ɗan wasa ke ci da kansa. Shekaru da dama, manyan ma'aikatun gwamnati da bankuna, irin su kamfanin jiragen sama na PIA da hukumar kwastan da hukumar ruwa da lantarki ta WAPDA, su ke ɗaukar ƴan wasa aiki. Yaron da ya fito daga gari irin Gojra a lardin Punjab, wanda ya yi suna wajen fitar da gwanaye, ya san idan ya dage zai samu albashi da fansho. Sannu a hankali da yawa daga cikin waɗannan ma'aikatu suka rage ƙungiyoyinsu ko suka rufe su. A gefe guda kuma wasan kurket, musamman bayan kofin duniyar da Pakistan ta ci a 1992, ya janye kuɗin talla da kyamarorin talabijin da hankalin yara. Harin da aka kai wa tawagar kurket ta Sri Lanka a Lahore a watan Maris na 2009 ya ƙara dagula lamarin, domin ƙungiyoyin waje sun daɗe suna ƙaurace wa ƙasar, matasa suka tashi ba su ga manyan wasanni a gida ba.

Sai kuma hukumar da ke riƙe da wasan, wato PHF, wadda firaministan ƙasar ke zaman uban ƙungiyarta, abin da ya sa shugabancinta ke bin iskar siyasa. Ga kaɗan daga abin da aka gani a ƴan shekarun nan. A 2018, saura ƙiris ƙungiyar ta kasa zuwa kofin duniya a Indiya saboda rashin kuɗi, sai da wani kamfani ya kawo ɗauki a ƙurarren lokaci. A watan Janairun 2019 hukumar wasan ta duniya, FIH, ta cire Pakistan daga gasar Pro League bayan ta ce ba za ta iya zuwa wasanninta na farko ba. Wannan gasa ita ce inda manyan ƙasashe ke gwabzawa da juna duk shekara, kuma rashin shigarta na nufin rashin maki da rashin gogewa. A watan Mayun 2022, a gasar kofin Asiya a Jakarta, an soke ƙwallon da Pakistan ta ci Japan saboda an tarar da ƴan wasa 12 a fili maimakon 11. Aka tashi 3 da 2, kuma da wannan ne tikitin kofin duniya na 2023 ya suɓuce. Ƙirga mutanen da ke fili aikin masu benci ne. A watan Mayun 2023 kocin ƙungiyar ɗan ƙasar Holan, Siegfried Aikman, wanda ya taɓa kai Japan ga zinaren gasar Asiya ta 2018, ya ajiye aiki bayan ya yi kusan shekara guda ba a biya shi albashi ba.

Watanni huɗu bayan tafiyar Aikman ne aka yi wasan Hangzhou. Ƙungiyar Indiya da suka tarar a can ta shekara da shekaru tana buga Pro League, ƴan wasanta na da albashi, da likitoci, da masu nazarin bidiyo, da lambar tagulla ta Tokyo a wuya. Wanda ya kalli ci 10 da 2 ya ce rashin kishi ne, bai kalli hanyar da kowace ƙungiya ta biyo kafin ta iso filin ba.

Idan ana neman shaida cewa matsalar ba ta zuciyar ƴan wasa ba ce, shekarar 2010 ta isa. A watan Maris na shekarar, a kofin duniya a New Delhi, Pakistan ta zo ta ƙarshe cikin ƙasashe 12. Suka ta yi yawa har dukan ƴan wasan suka sanar da cewa sun yi ritaya. Hukumar ta sallami masu horarwa da masu zaɓen ƴan wasa, ta ɗauko koci daga Holan, aka yi shiri na watanni. A watan Nuwamba na wannan shekara dai, da yawa daga cikin waɗannan mutane da aka ce sun gama yayi suka doke Malesiya da ci 2 da nema a Guangzhou, suka ɗauki zinaren gasar Asiya. Mutanen ba su sauya ba cikin wata takwas, shirin ne ya sauya. Haka a 2024 suka kai wasan ƙarshe na kofin Sultan Azlan Shah a Malesiya, inda Japan ta yi nasara a bugun fenariti. A 2025 suka sake kai wasan ƙarshe na gasar Nations Cup a Kuala Lumpur, alhali kyaftin ɗinsu Ammad Butt na kokawa a fili cewa ba a biya su alawus ɗinsu ba.

Me zagi ke haifarwa? Maƙwabciyar Pakistan na da amsa. A wasan ƙarshe na gasar Asiya ta 1982 a New Delhi, Pakistan ce ta doke Indiya da ci 7 da 1. Jama'a suka ɗora wa mai tsaron raga, Mir Ranjan Negi, laifin duka, aka zarge shi da cin amanar ƙasa da sayar da wasa, ba tare da wata hujja ba. Aka cire shi daga ƙungiya, ya yi shekaru a gefe. Sai a 1998 ya dawo a matsayin mai horar da masu tsaron raga, kuma a shekarar Indiya ta ci zinaren gasar Asiya a Bangkok. Masu kallon finafinan Indiya a cikinmu za su tuna fim ɗin Chak De! India na Shah Rukh Khan, wanda ya fito a 2007, kuma mutane da yawa ke kwatanta labarinsa da rayuwar Negi. A fim, wanda aka zalunta yakan wanke sunansa cikin awa biyu da rabi. Negi kuwa sai da ya jira shekara 16.

Wani misalin ya fi wannan muni. A watan Agustan 2021, ƙungiyar matan Indiya ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Olamfik ta Tokyo, karon farko a tarihinta, bayan ta fitar da Ostareliya. Da Ajantina ta doke su da ci 2 da 1, wasu mutane suka je ƙofar gidan iyalan ƴar wasa Vandana Katariya kusa da Haridwar, suna harba tartsatsin wuta suna rawa, suna cewa an sha kashi ne saboda ƴan Dalit sun yi yawa a ƙungiyar, wato rukunin mutanen da tsarin aji na ƙasar ya ajiye a ƙasa. Kwanaki kaɗan kafin nan, ita wannan Vandana ce ta ci ƙwallo uku rigis a ragar Afirka ta Kudu, abin da babu macen Indiya da ta taɓa yi a Olamfik. Ƴan sanda sun yi kame. Darasin shi ne, idan aka saba zagin ɗan wasa kan sakamako, ba a daɗewa ake zarcewa zuwa asalinsa da yarensa da iyayensa.

A Pakistan ɗin kuma, sakamakon ya fito ta wata fuska. A 2024 hukumar ta haramta wa ƴan wasa uku da wani mai kula da lafiyar ƙungiyar shiga harkar wasan har abada, bayan sun tafi Turai neman mafaka ba da saninta ba. Mutum na iya ƙin abin da suka yi. Amma masu karatunmu da ke ci-rani a Libiya da Aljeriya da Abijan da Turai sun fi kowa sanin cewa ba a barin gida don marmari. Matashin da ke sanye da rigar ƙasarsa, ana bin sa da zagi, ba a kuma biya shi haƙƙinsa ba, wata rana zai yi lissafi. Ya kuma ga yadda ta ƙare da magabatansa: Mansoor Ahmed, mai tsaron ragar da ya tare bugun da ya ba Pakistan kofin 1994 a kan Holan, ya rasu a Karachi a watan Mayun 2018, makonni bayan ya fito yana roƙon Indiya ta ba shi biza a yi masa dashen zuciya.

Wannan ba ya nufin ɗan wasa ya fi ƙarfin suka. Wanda ya sa rigar ƙasa ya amince a auna shi. A watan Disamban 2014, bayan Pakistan ta doke Indiya da ci 4 da 3 a gasar Champions Trophy a Bhubaneswar, wasu ƴan wasanta sun tuɓe riguna suna yi wa ƴan kallo alamun rashin ɗa'a. An dakatar da biyu daga cikinsu, kuma duk wanda ya soke su a ranar ya yi daidai, domin abu ne da suka aikata da hannunsu, suna kuma da ikon ƙin aikata shi. A nan ne iyakar take. Sukar da ta dace tana kama abin da mutum ke da iko a kansa: ɗa'arsa, zuwansa horo, bin umarnin koci, kuskuren da ya maimaita. Wadda ba ta dace ba ita ce ta neman ɗan shekara 22 ya biya bashin shekara 30 na filayen da ba a gina ba da albashin da ba a biya ba.

Akwai kuma wanda ke cin ribar wannan fushi. Duk ranar da jama'a suka taru a kan mai tsaron raga, shugabannin hukuma sun samu hutu. Za a kafa kwamitin bincike, a sallami koci, a ajiye ƴan wasa biyar ko shida, a kira wannan garambawul, ƙura ta lafa, kujeru kuma na nan a hannun masu su. Magoya bayan da ke ganin suna ladabtar da ƙungiya, a gaskiya aikin wanke masu laifi suke yi kyauta. An bar jaki ana dukan taiki.

Indiya ta nuna cewa akwai wata hanya. A watan Maris na 2008, a birnin Santiago na ƙasar Chile, Birtaniya ta doke ta da ci 2 da nema, ta kasa zuwa Olamfik karon farko cikin shekara 80. A wannan karon fushin ya haura sama. Wata guda bayan haka, da wani gidan talabijin ya nuna sakataren hukumar wasan yana karɓar kuɗi don a sa wani yaro a ƙungiya, kwamitin Olamfik na ƙasar ya dakatar da hukumar da K.P.S. Gill ya daɗe yana jagoranta, daga baya aka kafa sabuwa mai suna Hockey India. Gyaran bai zo nan take ba, domin a Landan a 2012 Indiya ce ta zo ta ƙarshe. Amma aka ci gaba. A 2018 gwamnatin jihar Odisha, ƙarƙashin Naveen Patnaik, ta ɗauki nauyin ƙungiyar maza da ta mata, ta zuba kuɗi a filaye da makarantun horar da yara, ta karɓi baƙuncin kofin duniya a 2018 da 2023. A Tokyo, Ostareliya ta ci Indiya 7 da 1 a wasan rukuni. Kwana 11 bayan haka waɗannan ƴan wasa dai suka doke Jamus da ci 5 da 4, suka ɗauki tagulla, lambar farko cikin shekara 41. Suka maimaita a Paris a 2024. Da an bi shawarar masu cewa a kore su a daren 7 da 1, da babu wannan labari.

Ƙwallon gora ba wasanmu ba ne a Nijar, amma halin da muka bayyana mun san shi a kowace fada da ake shan shayi ana gardamar ƙwallon ƙafa. Mena ta yi shekaru tana karɓar baƙuncin wasanninta na gida a ƙasashen waje, irin su Maroko da Togo, saboda filin Janar Seyni Kountché na Yamai bai cika sharuɗɗan hukumar CAF ba. A haka ne a watan Nuwamban 2024 ta ci Sudan 4 da nema a Lome, ta je Accra ta doke Ghana da ci 2 da 1, kuma maki ɗaya tak ya raba ta da Sudan ɗin da ta wuce zuwa gasar kofin Afirka. Ƙungiyar da ba ta jin muryar jama'arta a bayanta, kafin a tambaye ta ina kishi, sai a fara tambayar ina fili.

Saboda haka kiranmu ga matasa masu son wasa, na gida da na ƙetare, shi ne su ci gaba da fushi idan an sha kashi, domin mai goyon bayan da ba ya jin zafi ya riga ya bar ƙungiyar. Amma su aika da fushin inda zai yi aiki. Nawa aka ware wa hukumar wasa a bana, kuma ina aka kashe shi? Yaushe aka yi zaɓen shugabanninta, wa ya zaɓe su? An biya ƴan wasa da koci haƙƙinsu kafin su shiga fili? Wasannin gwaji nawa aka buga kafin gasa? Filaye nawa ne yara ke iya shiga a Maraɗi da Damagaram da Tawa? Waɗannan tambayoyi suna da masu amsa su, suna da ofisoshi da sunaye. Mu ma ƴan jarida aikinmu ne mu riƙa yin su kafin wasa, tun ana iya gyara, domin bayan an tashi kowa ma ya iya magana.

Sannan mai goyon baya ya tambayi kansa: yaushe rabon da ya sayi tikiti ya je kallon wasan lig na gida? A Lahore, filin da ke ɗaukar mutum 45,000 kan kasance kusan wayam a wasannin cikin gida, amma ranar da Indiya ta yi nasara kowa ya zama masani. Ƙungiyar da aka bari ita kaɗai a ranakun shiri, ba adalci ba ne a taru a kanta ranar faɗuwa.